Mai Sayar da Kujerar Kumbo da Ke Tsoron Tsani

Akwai wani bawan Allah a nan kudancin New Mexico mai suna Eloy Armijo. Duk wanda ya daɗe a yankinmu ya san shi, ko aƙalla ya san motarsa, wata tsohuwar a-kori-kura fara mai jar ƙofa guda.

Eloy injiniyan roka ne. Ya daɗe yana aiki a wani babban kamfani, rana ɗaya ya ajiye aikin, ya ce zai ƙera nasa kumbon ya riƙa kai mutane yawon buɗe ido a sararin samaniya. Su haura har inda sama ke komawa baƙa ƙirin, su ɗan yi shawagi babu nauyi, su leƙa duniya ta taga, sannan babbar lema ta buɗe ta sauko da kumbon a hankali.

Mutane suka yi ta dariya. Matarsa Marisela ma ta yi tata, amma da ta gama sai ta tambaye shi wane suna za su sa wa kamfanin. Suka sa masa Golondrina, wato tsattsewa a harshen iyayensu.

A wata rumfar kwano suka fara, can cikin hamada. Shi yana fama da injuna, ita tana fama da mutane: ma'aikata, jami'an da ke ba da izini, da masu zuba jari. Dole ita ce, domin Eloy in ya kama bayanin injin, baƙo sai ya manta abin da ya kawo shi.

Akwai abu ɗaya da Marisela kaɗai ta sani. Eloy yana mutuwar tsoron bisa.

In kaka ta yi aka zo rataye jan barkono a saman baranda, ita ce ke hawa tsani, shi yana riƙe mata daga ƙasa yana kallon takalminsa. In tafiya ta kama su a jirgin sama, kujerar da ba ta kusa da taga yake nema, ya rufe ido har a sauka.

"Tsohona," takan ce masa, "kai kaɗai na sani a duniya da ke tura mutane inda ba zai iya leƙawa ba."

"Ai mai dafa abinci ba dole ne ya shiga tukunya ba, tsohuwa."

"To riƙe tsanin da kyau, kar mai dafa abincin ya zama gwauro."

Shekaru suka wuce, rumfar kwano ta zama ma'aikata. Matuƙa suka gwada kumbon sau da yawa, ya tafi lafiya ya dawo lafiya. Hukuma ta ba da izinin ɗaukar fasinja. Sai masu zuba jari suka turo wani gwanin talla daga Los Angeles, Trent Hollister, ya gina wa kamfanin suna.

Trent ba mugu ba ne, kuma ya iya aikinsa. A zaman farko ya dubi Eloy ya ce, "Ka daina tunanin kumbo kake sayarwa. Babu wanda zai zuba wannan dukiya don kawai ya leƙa taga. Yana biya ne don in ya dawo a ce masa jarumi."

Ya sa aka cire wa Eloy rigarsa mai tabon man inji, aka ba shi baƙar rigar fata. Aka ɗauke shi hoto a gaban kumbo ya harɗe hannu, ya ɗaga haɓa. A ƙasan hoton aka rubuta: Sama ta jarumai ce. Aka kakkafa allunan talla masu ɗauke da hoton a manyan hanyoyi tun daga Albuquerque har El Paso.

Da farko Eloy kunya yake ji. A hankali abin ya fara yi masa daɗi. Ya daina fita da a-kori-kurarsa. Tafiyarsa ta sauya, muryarsa ta ƙara kauri. Har a wata hira ta talabijin aka ji ya ce wanda zuciyarsa ba ta da ƙwari gara ya zauna a gida ya kalla a waya.

Da ya dawo gida ranar, Marisela na murza tortiya, gurasar masara irin tasu, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Jarumi, sannu da zuwa. Ƙwan fitilar baranda ya mutu. Ga tsani can."

"Marisela, aiki ne. Talla ce kawai."

"Na sani. Ina dai tuna maka ne, kar ka sayi kayan da kake tallatawa."

A cikin fasinjojin tashin farko akwai wani ɗan wasan ƙwallo, da wasu matasa biyu masu kamfanin manhaja, sai kuma Mama Ofelia Tafoya.

Mama Ofelia dattijuwa ce 'yar nan yankin, ta haura saba'in. Ita da marigayi mijinta sun yi rayuwarsu suna noman pikan, wata bishiya mai 'ya'ya kamar gyaɗa. Tun Golondrina tana rumfar kwano takan kawo wa ma'aikata wake da gasasshen koren barkono, ta zauna a kan bokiti tana kallon su. Bayan rasuwar mijin ta sayar da gonar ta bar wa kanta gidan, ta zo ta ce a rubuta sunanta. Ita ce mutum ta farko da ta taɓa sayen kujera a kamfanin, lokacin da kumbon ko fenti ba a yi masa ba.

Kafin tashi dole kowa ya yi horo. Akwai wani kumbon gwaji a ƙasa, da ake rufe mutum a ciki ya saba. Akwai kuma na'urar da ke juya mutum da ƙarfi don jikinsa ya san nauyin da zai ji in roka ta tashi.

Likita ya duba Mama Ofelia ya ce zuciyarta ta fi ta wasu 'yan arba'in lafiya. Amma ranar da aka rufe ƙofar kumbon gwaji, sai ta firgita. Ta riƙa bubbuga taga tana kuka tana cewa a buɗe. Aka buɗe, ta fito da rarrafe. Masu ɗaukar hoto na Trent suna tsaye, sun ɗauki komai.

Da yamma Trent ya shiga ofishin Eloy ya rufe ƙofa.

"Ina ƙaunar tsohuwar nan, Eloy, kowa na ƙaunarta. Amma duniya za ta kalli tashin nan kai tsaye. Ka rubuta jarumai a allo, sannan a ga kaka tana kuka? Ina da wani ɗan fim da ya yarda ya karɓi kujerarta ko gobe. A mayar mata da kuɗinta, a kai mata furanni."

Eloy ya ce, "To. Zan gaya mata da kaina."

A wurin cin abinci ya faɗa wa Marisela. Ta ajiye cokali ta dube shi.

"Likita ne ya hana ta?"

"A'a."

"Matuƙin ne ya ce ba zai ɗauke ta ba?"

"Ya ce in ta ci horon ba shi da matsala. Amma Marisela, masu jarin suna bayan Trent. In suka janye, ma'aikatanmu fa?"

"Ban ce abu ne mai sauƙi ba, tsohona. Ka je ka gaya mata. Amma ka bar rigar fatar nan a gida, ka je da fuskarka."

Washegari da hantsi ya tayar da tsohuwar motarsa ya nufi gidan Mama Ofelia. Ya same ta a tsakar gida tana ba kaji hatsi. Ta zuba masa kofi, ba ta bari ya buɗe baki ba.

"Na san abin da ya kawo ka, ɗana. Kar ka wahalar da kanka. Na ba ku kunya jiya."

"Mama Ofelia, ba haka ba ne."

"Haka ne. Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. 'Yata Graciela tana aure a Hawaii. Ban je bikinta ba. Na je har filin jirgi da kayana, na ga jirgin, na juyo gida. Ta haihu, ban je ba. Ta sake haihuwa, ban je ba. Jikokina a waya suka san ni, ƙaramar tana tsammanin a cikin wayar nake zaune."

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bakin zanen da ke kafaɗarta.

"Sai na ce wa kaina, Ofelia, in kika iya hawa kumbon yaran nan da kika ga ana ƙera shi da idonki, to jirgin Hawaii ba zai gagare ki ba. Tunanin tsohuwa ne. Na gaji da tsoro ne kawai, ɗana. Amma kai ba za ka gane ba. Kai jarumi ne, na gan ka a allo."

Eloy ya ajiye kofin da ke hannunsa. Maganar da ya shirya tun a mota ta ɓace masa.

"Mama, kin ga tsanin can da ke jingine a bango?"

"Na gani."

"Ko me za ki ba ni, ba zan kai tsakiyarsa ba."

Ta dube shi, ta dubi tsanin.

"Kai, ɗana, ba a yi wa tsohuwa ba'a."

"Ki tambayi Marisela. Ban taɓa shiga kumbon gwajin nan aka rufe ƙofa ba. Ban taɓa hawa na'urar juyi ba. Hasumiyar da ake hawa a shiga kumbo, ni na zana ta, amma ban taɓa taka samanta ba. Kullum cewa nake aiki ya yi mini yawa."

Mama Ofelia ta fashe da dariya har kajin suka watse. Shi ma ya kama. Da suka lafa sai ya ce, "Kujerarki tana nan. In kin yarda, mu sake horon tare, ni da ke. In kin ci, kin tafi. In ba ki ci ba, likita da matuƙi ne za su faɗa, ba mai talla ba."

Da ya koma ya sanar, ofis ya hargitse. Trent ya ce ba zai sa sunansa a wannan ba, ya tattara nasa ya koma Los Angeles. Ɗaya daga cikin manyan masu jarin ya janye. Aka ɗage tashin don a ba Mama Ofelia lokaci, ɗan wasan ƙwallon ya fasa ya koma wani kamfanin. Jaridu suka fara rubuta cewa Golondrina ta kusa durƙushewa.

Eloy ya tara ma'aikata a cikin ma'aikatar ya gaya musu gaskiya, har da zancen tsani. Ya ce duk wanda yake so ya nemi wani aikin ba zai riƙe shi a zuciya ba. Wasu suka tafi. Yawanci suka zauna, sai dai daga ranar aka riƙa tsintar ɗan ƙaramin tsani na wasan yara a kan teburinsa.

Horon bai zo da sauƙi ba. Ranar farko a kumbon gwaji suka zauna ƙofa a buɗe, suna hirar farashin pikan. Bayan kwanaki aka tura ƙofar rabi. Da aka zo rufe ta gaba ɗaya, Mama Ofelia ta damƙe hannun Eloy, ta ji ya fi nata sanyi.

"Ɗana, numfasa mana. Kai ne mai kamfanin."

"Ke ki numfasa, Mama, ni zan biyo baya."

A na'urar juyi kuwa, ita ta sauko tana tangaɗi tana salati irin nasu na coci, shi ya sauko ya nufi bokiti. Marisela ta miƙa masa ruwa, ta shafa bayansa, ba ta tsokane shi ba ko sau ɗaya. Sai da suka shiga mota ta ce, "Yau ka fi kyau a idona fiye da a allon."

Akwai ranar da Mama Ofelia ta ce ta haƙura, ta zauna a gida. Eloy bai matsa mata ba. Ya je ya taya ta gyara shingen kaji, bai ambaci kumbo ba. Bayan kwana biyu sai ga ta da kanta a bakin ƙofa, da kwanon wake a hannu.

A ƙarshe likita ya sa hannu, matuƙi ma ya sa.

Ranar tashi gari ya waye tas, babu iska. 'Yan jarida sun zo da yawa, wasunsu don su ga yadda abin zai watse ne. Aka kawo fasinjoji gindin hasumiya. Matakalar ƙarfe ce mai raga, mutum yana hawa yana hangen ƙasa ta ƙarƙashin ƙafarsa.

Mama Ofelia ta ɗaga kai ta kalli saman, ta tsaya cak.

Eloy yana gefe cikin tsohuwar rigarsa ta aiki. Aikinsa a ranar shi ne ya yi musu sallama a ƙasa ya koma ɗakin sarrafawa. Ya dubi Marisela, ta gyaɗa masa kai. Ya matso ya miƙa wa Mama Ofelia hannu.

"Mu je in raka ki."

Suka fara hawa a hankali. Gumi ya jiƙa masa riga tun ba su yi nisa ba. A tsakiyar hanya ya tsaya, ya rungume ƙarfen gefe ya rufe ido. Sai aka ga tsohuwar ta juyo, ta kama fuskarsa da hannu biyu tana yi masa magana. Babu wanda ya ji abin da ta ce. Ya buɗe ido, suka ci gaba. Duk wanda ya kalla a talabijin ya kasa tantance wa ke riƙe da wa.

A bakin ƙofar kumbo ta yi masa alamar gicciye a goshi, ta shiga. Shi kuma sai da ma'aikata biyu suka sauko da shi.

Roka ta tashi, ƙasa ta girgiza, kumbon ya zama ɗigo ya ɓace. A ɗakin sarrafawa kowa ya kasa kunne. Can sai muryar Mama Ofelia ta fito a rediyo.

"Eloy, kana ji na?"

"Ina jin ki, Mama."

"Har yanzu tsoro nake ji, kar in yi maka ƙarya. Amma idona a buɗe yake. Ɗana, ashe haka Allah ya yi ta. Ga teku can. Ban taɓa ganin teku ba."

Marisela ta ce a ranar ne ta fara ganin mijinta yana kuka a gaban mutane.

Lema ta sauko da su lafiya. Wata 'yar jarida ta tare Mama Ofelia ta tambaye ta a wane lokaci tsoron ya tafi.

"Bai tafi ba, 'yata. Tare muka je, tare muka dawo. Na dai hana shi zama kusa da taga."

Kafin rana ta faɗi, hoton su biyu a kan matakala ya zaga duniya. Wayoyin ofis suka kama ruri. Marisela da kanta ta zauna tana ɗagawa, kuma kusan kowa da magana ɗaya yake farawa: ni fa matsoraci ne, ko akwai wuri? Likitoci, manoma, tsofaffin malamai, mutanen da suka daɗe suna sha'awa amma allon ya gaya musu ba da su ake ba. Sababbin masu jari suka zo da kansu. Aka sauke allunan, ba a sa wani kirari a madadinsu ba. Abin da aka san Golondrina da shi yanzu shi ne, babu fasinjan da ake gaggauta wa horo, kuma babu wanda ke shiga kumbon gwaji shi kaɗai.

Mama Ofelia ta tafi Hawaii a watan da ya biyo baya. Ta ce jirgin ya fi kumbo ban tsoro, domin ba ta san wanda ya ƙera shi ba. Amma ta isa, ta goya jikarta.

Eloy kuwa har yau bai je sararin samaniya ba, kuma ba ya ɓoyewa. Aikin da ya ɗaukar wa kansa shi ne raka kowane fasinja zuwa saman hasumiya, yana gumi.

Bayan kusan shekara, wata safiya, sai ga Trent Hollister a bakin ofis. Babu masu hoto, babu jaka. A cikin motarsa akwai wani dattijo zaune ya ƙi fitowa.

"Ban zo neman aiki ba," in ji Trent. "Mahaifina ne. Tun ina yaro yake tara hotunan taurari. Da ya ga tsohuwar nan a talabijin bai bar ni na huta ba. Mun taho tun daga California, yanzu kuma ya ce shi ba zai fito ba." Ya sunkuyar da kai. "Na san abin da na faɗa a ofishin nan. In ka ce in juya, ba zan ga laifinka ba."

Eloy ya dafa kafaɗarsa.

"Me yake sha, kofi ko shayi?"

"Kofi. Baƙi."

Eloy ya zuba kofi biyu ya fita. Ya buɗe ƙofar motar ta ɗaya gefen, ya shiga ya zauna kusa da dattijon ya miƙa masa ɗaya. Trent da Marisela suna kallo ta taga. Mutanen biyu suka daɗe a ciki, ba a jin abin da suke cewa. Can aka ga dattijon yana dariya har kofin na zuba masa a wando.

Sannan ya buɗe ƙofa ya sauko da ƙafa ɗaya.

Darasi: Sunan da aka gina a kan nuna wa mutane ka fi su ba ya daɗewa, kuma mai shi ne farkon wanda yake wahalarwa. Wanda ya faɗi gaskiyar rauninsa, ya yi haƙuri da mai rauni irinsa, ya kama hannunsa ko da zai yi asara, Allah kan mayar masa da abin da talla ba ta iya sayowa, wato amincewar jama'a. Kada ka yar da wanda ya yarda da kai tun ba ka zama komai ba. In akwai wanda ka sani tsoro ya daɗe yana tare masa hanya, ko wanda ke gina sana'arsa yanzu, ka tura masa wannan labari.